Dutsen Niƙan Tasalla

Tukur mai buga bulo a Dutsin-Ma mutumin kirki ne, kuma ina so a riƙe wannan tun daga farko. Yana da kyauta, yana da zumunci, ba a taɓa jin ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba. Aibinsa guda ɗaya ne: gaggawa. Koko da zafinsa yake kurɓa, ya ƙona harshe, gobe ya sake. Kafin liman ya shafa addu'a takalmansa suna hannunsa. In abu ya faɗo masa a rai, ba ya tambayar kowa, ba ya kwana da shi. Saboda haka 'yan kasuwa suka sa masa suna Yanzu-yanzu, shi kuma yana amsawa da fara'a, don yana ɗauka yabo ne.

Ni sunana Almu. Ƙauyenmu ɗaya da mahaifiyarsa, Inna Rahamatu, wato Unguwar Kanya a ƙasar Kurfi. Garin da ake gani yau a bakin hanya sabo ne. Tsohon garin yana can ciki, ta wajen Barkiya, ya zama kufai tun lokacin da mutane suka taso suka bi titi. Abu biyu kawai suka rage a can: maƙabarta, da kangon wani ƙaramin coci da 'yan mishan suka gina da dutse da laka. A cikin ɗakin nan na koyi karatun boko, don ran Lahadi ne kaɗai yake coci, sauran ranaku makaranta ce ga ɗan Musulmi da ɗan Kirista. Rufinsa ya zube tuntuni. Bango ɗaya ne ya tsaya da tsayinsa, mai tsini a sama, yana kallon maƙabartar da ke gabas da shi. Yawancin waɗanda muka zauna a benci ɗaya da su suna kwance a wurin.

A da, mutanenmu ba sa rubuta suna a kan kabari. Kowane gida yana ajiye abin da aka san mamacin da shi. Maƙeri, a ɗora masa kashin maƙera. Mai ginin tukwane, wuyan tulu. Wanzami, dutsen wasa aska. Bafulatani, farin dutse. Macen da ta riƙe gida, dutsen niƙanta. Kiristoci kuma ɗan gicciye na ƙarfe. Tudun kaburburan duk ya baje da daɗewa, waɗannan tarkace su kaɗai ke faɗin wane ne a ina. Kowace bazara, kafin ruwan fari, akan yi gayya, Musulmi da Kirista, a cire ciyawa da hannu, ba a taɓa ko tsinken alama. A ranar kaɗai ake barin tsofaffin mata su shiga. To, sai aka shiga shekarun da hanyar daji ta yi wuya, gayyar ta tsaya. Shi kuwa Tukur a Dutsin-Ma ya tashi, bai taɓa halarta ba.

Da hanya ta yi sauƙi, yanar ido ta fara rufe wa Inna Rahamatu gani. Wata rana ta kira ɗanta ta ce, "Tukur, idon nan yana tahiya. Kafin ya rufe ina son in ga dutsen uwata Tasalla, ko sau guda. Yana nan dab da cocin nan."

"An gama, Inna," in ji Tukur. "Jibi zan kai ki."

Matarsa Sumayya ta ce, "Malam, da ka fara zuwa wurin Malam Almu ko Baba Ɗanmusa, su da suka san wurin."

"In je in zauna ana ba ni tarihin Annabi Nuhu? Ke dai ki gani. Zan gyara wurin nan sai Inna ta ɗauka Abuja aka kai ta."

Da gari ya waye ya zuba ma'aikatansa a mota, da shebur da diga da manjagara da baro, babbansu Kamilu yana gaba. Da suka isa, Tukur ya ga ciyawa ta kai gwiwa, ga fasassun tuluna da duwatsu da ƙarafa masu tsatsa ko'ina. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Dubi yadda aka mai da maƙabartar iyayenmu juji! Kamilu, ku kwashe min duk wannan shara."

Kamilu ya ɗaga wani wuyan tulu yana juya shi. "Oga, kamar fa a jere suke. Anya ba ajiye su aka yi ba?"

"Ajiye su aka yi, sai dai mahaukaci ne ya ajiye. Kwashe!"

Suka yi ta lodi a baro suna zubewa a gindin wata tsamiya, har tarin ya kai ƙugu. Tukur ya tuna an ce kakarsa tana dab da coci, sai ya ce nan ne zai fi ko'ina kyau. Ya ɗauki manjagara da hannunsa, ya baje wurin sumul, har yana ja da baya yana yaba aikinsa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi bangon.

"Wannan kuma me yake yi a tsaye? Masu shi sun tashi. Duwatsunsa sun ishe mu harsashin katanga. Ba ni diga."

Sara ɗaya ya yi. A cikin tsagar bangon akwai zuma da ta daɗe tana zaune, babu wanda ya dame ta. Kamilu ya ce da farko sun ji kamar babur yana tahowa daga nesa. Daga nan kowa ya kama gabansa. Wani ya shige ƙarƙashin mota, wani ya kifa baro a kansa ya durƙusa. Tukur, da yake shi ne a gaba, shi aka fi yi wa rakiya. Ya yar da hula, ya yar da takalmi ɗaya, bai tsaya ba sai a rigar wasu Fulani, inda wata dattijuwa ta yi masa hayaƙi tana tambayarsa ko lafiya.

Da yamma labari ya iso mini. Na je na tarar da Tukur a tsakar gidansa, ido ɗaya ya rufe, leɓe ya yi suntum, Sumayya tana shafa masa man shanu tana danne dariya. Na tambaye shi abin da suka yi kafin zumar, ya faɗa mini dalla-dalla, har da alfahari. Da ya zo kan tarin da ke gindin tsamiya, sai na nemi kujera na zauna.

"Tukur," na ce, "abin da ka tara ba shara ba ne. Sunayen mutane ne."

Na yi masa bayani. Inna Rahamatu tana bakin ƙofar ɗakinta tana ji. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Har da dutsen niƙa?"

"Akwai su da yawa, Inna," in ji Tukur, muryarsa ta yi ƙasa.

"To," ta ce. Ta saki labule.

Wannan "to" ɗin ta fi zumar yi masa ciwo. Ya miƙe zumbur. "Yanzu-yanzu zan koma in mayar da su!"

"Ka mayar ina? Ka san wurin kowanne? Zauna. Yau dai za ka kwana da abu a ranka."

Abin da ya rage mana fata ɗaya ne. Dutsen da ya shekara hamsin ko fiye a wuri ɗaya yakan yi wa kansa gurbi a ƙasa, daidai da siffarsa. Zuma ta kori ma'aikatan kafin su bi sauran filin da manjagara, saboda haka guraben suna nan. Amma bazara ta yi nisa, kullum hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Ruwan fari yana sauka, komai zai shafe.

Mai unguwa ya sa aka yi shela a Unguwar Kanya, aka buga waya Kurfi da Tamawa da Ɗantutture, duk inda jikokin tsohon gari suke. Kashegari da hantsi kufan nan ya cika da mutane irin cikar da ban gani ba tun ina saurayi. Wasu a babur, wasu a amalanke. Mata suka zo da fura da ɗanwake. Wani mai cire zuma ya yi wa bangon hayaƙi, ya roƙi kowa kada ya matsa kusa da tsagar.

Daga Dutsin-Ma aka kawo Baba Ɗanmusa, tsohon kafinta, Kirista, ɗan wan Tasalla. Shi da Inna Rahamatu taubasai ne, ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Yana sauka daga mota ya hango ta zaune a tabarma.

"A'a! Wa nake gani kamar baiwata? Rahamatu, an ce kin makance, na ce ƙarya ne, rowa ce ta hana ki ganin mutane."

"Kai dai tsohon banza, har yanzu ba ka mutu ba? Mi kake jira?"

"Ina jiran ki biya ni kuɗin shara na bana. Ina ɗan naki mai aikin Abuja?"

Aka nuna masa Tukur. Ɗanmusa ya daɗe yana kallon kumburarriyar fuskar, sannan ya ce, "Yaro, shekara da shekaru babu mai zuwa cocin nan sai su. Ka zo ka taɓa masu ɗaki ba sallama, ai dole su yi maka wa'azi."

Wurin ya kaure da dariya. Ita ma Inna sai da ta murmusa, karo na farko tun jiya.

Aka fara aiki. Dokar da mai unguwa ya kafa ita ce kowa ya cire takalmi, kuma kada a taka ko'ina sai an duba. Tsoho zai je gindin tsamiya ya tona tarin har ya ga abin gidansu, ya ɗauko, a bi shi a hankali zuwa inda yake tsammani, a gwada a gurbi. In bai zauna ba, a gwada na kusa. In ya zauna daram, sai a ji kabbara, wani lokaci guɗa ta biyo baya daga wajen mata, mai unguwa yana tsawatarwa yana dariya. Kuma duk abin da aka ɗaga sai labarinsa ya fito. Wannan dutsen wasa askar na wanzamin da ya yi wa rabin garin kaciya ne, hannunsa na rawa amma bai taɓa kuskure ba. Wannan wuyan tulu na matar da tulunta ke sanyaya ruwa har haƙori ya amsa. Wasu Fulani biyu suka yi gardama a kan farin dutse ɗaya, ana cikin gardamar suka gano kakansu ɗaya, suka rungume juna. Limamin Unguwar Kanya da kansa ya riƙe wa Ɗanmusa gicciyen mahaifinsa yayin da yake neman raminsa da yatsa. Ni ma na mayar da alamun abokan karatuna, na kira sunan kowanne a hankali, yadda malaminmu yake kira da safe.

Tukur shi ne mai ɗauko masu nauyi. Da ya ɗaga dutse sai ya zabura, tsofaffi su ce, "Sannu dai, Yanzu-yanzu!" Sai ya rage sauri. Kafin azahar ya koyi tafiya a bayan mai sanda ba tare da ya wuce shi ba.

Bayan azahar tarin ya ƙare, saura abu ɗaya: dutsen niƙa baƙi, mai zurfin ciki, gefensa ɗaya a ɓalle. Inna Rahamatu ta shafa shi da tafin hannu ta ce, "Shi ne. Ni na ɓalle gefen nan, na sha duka a kai."

Aka kai ta gaban coci. A nan ne murna ta tsaya. Filin da Tukur ya baje da manjagara yana nan sumul, babu gurbi ko ɗaya. Sauran da ke wannan layin an gane su ta wurin kututture da saiwar itace da danginsu suka riƙe. Na Tasalla babu abin da ya nuna shi. Ga hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen tsamiya.

Tukur ya durƙusa a gaban uwarsa. "Inna, ni na yi. A ajiye shi a tsakiya mana, ai duk nan ne."

"A'a," ta ce. "Ba na ɗora wa uwata dutse a kan wani, ko in ɗora wa wani nata. A mai da shi gindin tsamiya. Allah ya san inda take."

Ta juya za ta tafi. Ɗanmusa ne ya tsayar da ita, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Rahamatu, tsaya. Shekarar da Gwaggo ta rasu, ina kike zama?"

Ta tsaya, ta juyo.

"Ba a barin yara su shiga maƙabarta. Kullum sai ki zo ki zauna a jikin bangon nan kina kuka, ina kawo maki aduwa kina cinyewa ba godiya. Mi kike jira a wurin?"

Inna ta ɗaga kai ta dubi tsinin bangon. "Inuwa," ta ce. "Inuwa nake jira. Tana tashi daga ƙafata tana tahiya, tana tahiya. In ladan ya kira la'asar, kan tsinin yana sauka daidai bisa dutsenta. Sai in ce ta gaishe min da ita, in tashi in tahi gida."

Na tambaye ta a wane lokaci na shekara ne, don inuwa tana sauya hanya. Ta ce da bazara ne, an binne ta ba a daɗe ba aka yi ruwan fari. Wato irin wannan lokaci.

Babu abin yi sai jira. Rana tana yamma, hadari yana gabas, inuwar bango tana rarrafe a kan ƙasar da aka baje. Mutane suka yi layi a gefe biyu. Tukur yana tsugune, yana duban inuwa, yana duban sama. Na ga hannunsa yana motsi kamar zai jawo ta. Ya ce da ni a hankali, "Malam, ba ta tafiya."

"Tana tafiya. Ba da saurinka ba ne."

Gajimare ya rufe rana, inuwar ta ɓace, mata suka yi salati. Can ya yaye, ta dawo, ta ɗan ƙara gaba. Liman ya duba tasa inuwar yadda aka saba tun da, ya gyara tsayuwa, ya sa hannu a kunne ya kira la'asar a kufan da aka daɗe ba a ji kiran salla ba. Ɗanmusa ya taka a hankali ya dasa sandarsa a kan tsinin inuwar.

Tukur ya kai hannu ga shebur. Uwarsa ta ce, "Da hannu." Ya ajiye. Ya shiga share ƙasar sama da yatsunsa, kaɗan-kaɗan, shi da bai taɓa yin komai kaɗan-kaɗan ba. Bai yi zurfin tafin hannu ba ya taɓa wani abu mai santsi. Ɗan dutsen niƙa ne, wanda ake riƙewa a hannu, ya nutse a gefen babban dutsen tun shekaru, shi ya sa manjagara ba ta same shi ba. Aka kawo babban dutsen, Inna ta ɗora ƙaramin a cikinsa, ta tura shi gaba ta dawo da shi. Ya zauna a cikin zurfin kamar jiya aka ajiye.

Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa shi, ta daɗe tana kallo da ɗan ganin da ya rage mata. Sannan ta ce, "Na gan shi. Alhamdu lillahi, na gan shi."

Ba mu gama sallame salla ba ɗigon farko ya sauka. Babu wanda ya gudu. Tsofaffi suka tsaya cikin ruwa suna dariya kamar yara, Ɗanmusa yana riƙe da hannun Inna yana cewa saura ta biya shi aduwarsa. Tukur ya je gaban bangon, daga ɗan nesa, ya cire hula ya ce, "Na gode." Kamilu ya tambaye shi, "Oga, bangon kake wa godiya ko masu wa'azin?" Ya ce, "Duka."

Katangar da ya yi niyya ya gina ta daga baya, da bulonsa, bayan ya zauna da dattawa sun nuna masa iyaka, ya kuma sa aka tallafe bangon cocin ta baya don kada ya faɗi. Gayya ta dawo kowace bazara. Idon Inna Rahamatu ya rufe a damina ta gaba, amma har yau ana kai ta, ta zauna a jikin bango, jikokinta su gaya mata inda inuwa ta kai.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ba in babu haƙuri da tambaya. Tukur bai nufi ɓarna ba, uwarsa yake son ya faranta wa, amma da yake bai tsaya ya tambayi waɗanda suka riga shi ba, saura kaɗan ya shafe sunayen gari guda cikin wuni ɗaya. Abin da ka tarar magabata sun bari, ko fasasshen tulu ne, ko kangon ɗakin ibadar da ba taka ba, kada ka ɗaga masa hannu sai ka san dalilin zamansa a wurin. Wataƙila shi kaɗai ya rage da zai nuna maka inda naka suke kwance.